Jan Layi a Kundin Sabar: Yadda Ake Kama Manhajar Firinta da Laifi



Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, malamaina da ke kujerun gaba, da abokan sana'a maza da mata masu kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu da asibitoci, barkanmu da warhaka.

Maganar da aka ɗora mini yau ƙarama ce a ido. Ba satar bayanai ba ce, ba kutsen 'yan damfara ba ne. Firinta ce kawai, wadda ke kusurwar ofis kusa da kabad ɗin fayiloli. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe sabar mai Windows ya san abin da nake nufi. Ka buɗe Event Viewer da safe, ka ga jan layi a jere, kuskure iri ɗaya, lamba ɗaya, tun daga daren jiya har zuwa lokacin da ka zauna. Ka tambayi ma'aikata, su ce maka ai firinta na aiki lafiya lau. Ka goge kundin, ka je sallar azahar, ka dawo ka tarar ya sake cika.

A nan mutanenmu suke rabuwa biyu. Wasu su ce tunda takarda na fitowa, a bar kaza cikin gashinta. Wasu kuma su shiga intanet su kwafo lambar kuskuren, su aiwatar da duk abin da suka fara cin karo da shi, har su lalata abin da yake lafiya. Duka biyun ban yarda da su ba. Ra'ayina shi ne kuskuren da yake maimaita kansa ya fi kowane kuskure sauƙin kamawa, domin yana da lokacin zuwa, kuma duk abin da yake da lokacin zuwa akwai mai aiko shi. Aikinmu shi ne mu gano wa ke aikowa, wurin wa yake aike, kuma ƙarfe nawa.

Bari in fara da masu cewa a ƙyale. Kundin System da na Application ba rijiya ce marar gindi ba. A saitin da Windows Server ke zuwa da shi, girman kowannensu wajen megabait 20 ne, kuma idan ya cika sabon rubutu yana hawa kan tsoho. To a cikin wannan kundi na System ne faifan ajiya yake kai ƙararsa idan ya fara lalacewa, da lamba 7 ko 51 ko 153. A nan ne ake rubuta lamba 6008 da 41 idan sabar ta mutu ba shiri, abin da mu da muke fama da ɗauke wuta muka sani sarai. Idan manhajar firinta tana zuba ɗaruruwan layuka a rana, gargaɗin faifan nan zai nutse a tsakiyarsu, ko ma a shafe shi kafin ka gani. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni: idonka zai saba da ja. Ranar da kuskure na gaske ya zo, za ka wuce shi kamar sauran.

Yanzu mu shiga ciki. Duk aikin bugawa a Windows yana bi ta hannun wani sabis mai suna Print Spooler, wanda fayil ɗinsa shi ne spoolsv.exe. Idan ma'aikaci ya danna a buga, wannan sabis ne yake karɓar aikin ya ajiye shi na ɗan lokaci a foldar PRINTERS da ke ƙarƙashin System32 da spool, fayil biyu ga kowane aiki, ɗaya mai ƙarewa da SPL ɗaya da SHD, sannan ya tura wa firinta idan layi ya zo kanta. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, Microsoft ce ta rubuta spooler, amma ba ita ta rubuta yawancin abin da ke gudana a cikinsa ba. Direban kowane kamfani, da 'yan manhajojin da ke sa ido kan kafar sadarwa da yanayin firinta, duk ana loda su ne a cikin wannan sabis ɗin. Kamar gidan haya ne mai mita ɗaya: ɗan haya guda ya haɗa waya ba daidai ba, gidan duka ya shiga duhu. Shi ya sa direban firinta ɗaya da ba a fi amfani da ita sau biyu a wata ba yake iya tsayar da bugawa a ma'aikata gaba ɗaya.

Idan hakan ta faru, kundin System zai nuna lamba 7031 ko 7034 daga Service Control Manager, yana cewa spooler ya mutu ba zato. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su sake tayar da sabis ɗin su tafi. Wannan layin sanarwar rasuwa ce kawai, bai faɗi abin da ya yi kisan ba. Ku duba sa'a da minti da daƙiƙa, ku tsallaka kundin Application, ku nemi lamba 1000 a daidai wannan lokacin. A ciki za ku ga sunan shirin da ya faɗi, wato spoolsv.exe, sannan a ƙasansa sunan ɓangaren da ya jawo faɗuwar, galibi fayil mai ƙarewa da DLL. Ku nemo fayil ɗin a faifai, ku buɗe bayanansa, za ku ga sunan kamfanin da ya rubuta shi da lambar fitowarsa. Sau da yawa bincike ya ƙare ke nan.

Amma wani lokaci sunan da zai fito shi ne ntdll.dll, tare da lambar 0xc0000374. Kada ku ɗora wa Windows laifi, kada ku fara shirin sake girka sabar. Wannan lamba tana nufin an ɓata ma'adanar da shirin ke aiki da ita, kuma ntdll shi ne ya tarar da ɓarnar, ba lallai shi ya yi ta ba. Mai laifin ya riga ya wuce. A irin wannan hali ne wani tsari da ya zo tun Windows 7 da Server 2008 R2 yake da amfani, wato keɓe direba. A cikin Print Management, kowane direba ana iya sa shi a ɗaya daga hali uku: None, ya zauna cikin spooler, Shared, ya zauna a wani shiri na dabam tare da sauran direbobi, ko Isolated, ya zauna shi kaɗai. Wanda aka keɓe yana gudana ne a cikin PrintIsolationHost.exe. Ku keɓe waɗanda kuke zargi, ku jira. Idan faɗuwar ta bar spooler ta koma can, kun kama shi, kuma sauran firintoci sun tsira kafin ku samo masa magani. In kuwa an keɓe kowa amma spooler bai daina faɗuwa ba, to ku juya kan manhajojin sa ido da na ambata, domin keɓewar ba ta fitar da su daga cikinsa.

Wannan shi ne kuskure mai hayaniya, wanda ma'aikata ma sun san da shi domin aiki ya tsaya. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne mai zuwa a natse alhali komai na tafiya. A nan nake so mu daɗe.

Kafin ku taɓa komai, ku tace kundin ya nuna wannan lambar kaɗai, ta Event Viewer ko da umarnin Get-WinEvent a PowerShell, ku zuba ido kan ginshiƙin lokaci. Ba saƙon za ku fara karantawa ba, tazara za ku auna. Idan kuskuren yana zuwa daidai kowane minti biyar ko goma ko sa'a guda, ba ya ƙari ba ya ragi, dare da rana har ranar Lahadi, to ba mutum ba ne. Wani sabis ne ko aikin da aka tsara a Task Scheduler. Idan tazarar tana yawo tsakanin minti 90 da 120, ku tuna Group Policy, domin haka yake sabunta kansa a kwamfutocin da ke cikin domen: minti 90 da ƙarin abin da bai wuce 30 ba. Irin wannan yakan fito da lamba 4098 a kundin Application, ma'ana an umarci kwamfuta ta haɗa wata firinta ta kasa, ko don an cire firintar daga sabar an manta da umarnin, ko don direban ya ƙi sauka. Idan kuma kuskuren yana taruwa da ƙarfe takwas na safe ya yi shiru bayan an tashi, to yana bin ƙafar ma'aikata ne.

Akwai guda da nake jin daɗin ba da misali da shi, lamba 1111 daga TerminalServices-Printers. Yana cewa ba a san direban wata firinta ba, ya ambaci sunanta, kai kuma ka rantse babu irin wannan firinta a ma'aikatarku. Gaskiyarka. Tana gidan wani ne. Idan mutum ya shiga sabar daga nesa ta Remote Desktop, kwamfutarsa tana gabatar da firintocinta ga sabar, ita kuma ta nemi direbansu ta rasa, ta rubuta ƙorafi. Sau da yawa mai kula da sabar ne da kansa yake kawo kuskuren duk lokacin da ya shiga duba shi. Kuma na ga masu magance shi ta hanyar girka wa sabar direban kowace firinta da aka ambata. Wannan ɗebo wa kai aiki ne, kuma ƙara wa spooler baƙin da ba a tantance ba ne. In ba a buƙatar bugawa daga nesa, a cire alamar firinta a saitin Remote Desktop, ko a hana turowar gaba ɗaya ta Group Policy. In ana buƙata, akwai Easy Print tun Server 2008, wanda aka yi domin kada sabar ta nemi direban kowa.

Sai na DCOM, wanda ya fi kowanne tsorata sababbin shiga, domin sunan kansa ba ya nuna firinta. A tsofaffin sabar lambarsa 10009, a na baya-bayan nan 10028. Abin da yake cewa shi ne an yi ƙoƙarin magana da wata kwamfuta an kasa. Ku ɗauki suna ko adireshin da ya ambata ku bi sawunsa. Sau tari za ku tarar ba kwamfuta ba ce, firinta ce, ko kuma adireshin wata na'ura da aka daɗe da kwashewa. Me ya faru? Wata manhaja a kan sabar, irin masu zagaya netwok suna ƙidayar na'urori ko duba lafiyarsu, tana ƙwanƙwasa wa adireshin ƙofa da yaren da kwamfutocin Windows ke yi tsakaninsu, ta kafa ta 135. Firinta ba ta jin wannan yare. Sai a rubuta kuskure, a jira lokaci ya zagayo, a sake. Alherin lamba 10028 shi ne tana faɗin lambar shirin da ya yi aiken, har da inda fayil ɗinsa yake. A tsohuwar sabar da ba ta faɗa, ku kunna Process Monitor, ɗaya daga kayan Sysinternals da Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka fara kafin Microsoft ta saye su a 2006, ku jira mintin da kuka riga kuka san kuskuren zai zo, ku ga wane shiri ne ya motsa. Wireshark ma zai nuna muku abin da ya fita ta waya a wannan lokacin. Ga amfanin auna tazara: ba za ku zauna gadin allo yini guda ba.

Kada ku rikita wannan da lamba 10016, ita ma ta DCOM. Wannan Microsoft da kanta ta ce yawancinsu ba su da illa, a ƙyale su. Masu bin rajistar Windows suna sauya izini don kashe 10016 suna wahalar da kansu ne a banza, wani lokaci su ɓallo abin da ba su iya mayarwa.

To daga ina waɗannan manhajoji masu yawo suke shigowa sabar? Daga faifan da ke cikin kwalin firinta, ko babban fayil ɗin da ake saukewa daga shafin kamfani mai cewa cikakken kunshi. Ɗan kwangila ya kawo firinta, yana sauri a sa masa hannu, ya zura faifai a sabar ya yi ta danna Next har ƙarshe. Abin da ya shiga ba direba kaɗai ba ne. Akwai mai duba yawan tawada, akwai mai neman sabuntawa, akwai mai binciko firintoci a netwok, akwai na sikana, kowanne da sabis ɗinsa da lokacin tashinsa. An rubuta su ne domin kwamfutar mutum ɗaya da firintarsa a gefe, ba domin na'urar da ke ɗauke da ma'aikata ba. Hukuncina a nan ba shi da sassauci: sabar direba kaɗai take buƙata. A saukar da kunshin da ke ɗauke da direba zalla, a shigar da shi ta Print Management. Inda kamfani yake da direba guda mai ɗaukar samfura da yawa, kamar Universal Print Driver na HP ko Global Print Driver na Xerox, shi ya fi, domin gara direba biyu da ka sani da goma sha biyar da ba ka san ranar shigarsu ba.

Wata matsalar kuma tamu ce ta nan gida. Firinta tana karɓar adireshi daga DHCP. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, na'urori suka tashi ba bisa tsari ba, firinta ta samu sabon adireshi. Sabar kuwa tana nan tana tura aiki tsohon adireshi ta kafa ta 9100, takardu suna maƙalewa, lamba 372 tana taruwa a kundin PrintService. Maganin ba ya cin minti goma: a ware wa kowace firinta adireshi na dindindin. Haka nan a duba SNMP. Kafar Standard TCP/IP tana tambayar firinta lafiyarta ta wannan hanya, da kalmar shiga da aka saba bari a public. Idan an sauya kalmar a firinta ba a sauya a sabar ba, ko an toshe kafa ta 161, sabar za ta ce firinta ba ta kan layi alhali ga ta a kunne. Ko a daidaita kalmar, ko a cire alamar SNMP a saitin kafar. Ni dai a sabar na fi son kafar TCP/IP da na rubuta adireshinta da hannuna a kan kafar WSD da Windows ke ƙirƙira da kanta.

Tunda na ambaci PrintService, yana ƙarƙashin Applications and Services Logs, kuma kundi biyu ne, Admin da Operational. Na biyun a kashe yake zuwa. Ku kunna shi. Shi ne yake rubuta lamba 307 ga kowace takarda da ta fita, da sunan mai ita da firintar da ta bi, kuma da shi za ku gane cewa spooler yana faɗuwa ne duk lokacin da wani ofishi ya tura wani irin fayil.

Wajen gyara, a bi a hankali. A fara adana saitin firintoci da printbrm ko ta Print Management, yadda in abu ya ɓaci za a dawo. A ajiye kwafin kundin kafin a goge shi. A tsayar da spooler, a kwashe abin da ya maƙale a foldar PRINTERS, a tayar da shi. A cire firintar, sannan direban tare da kunshinsa, don in aka bar kunshin zai dawo. A cire manhajar kamfanin, sannan a buɗe Autoruns a duba shafin Print Monitors da na sabis da na ayyukan da aka tsara, domin waɗannan manhajoji ba kasafai suke kwashe kayansu duka ba. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta shi da ranarsa, a jira tazarar nan ta zagayo sau uku ko huɗu. Wanda ya sauya abu biyar kuskure ya tafi bai san abin da ya gyara ba, kuma in ya dawo zai fara daga farko.

Saura magana ɗaya da ba zan tsallake ba, wato tsaro. Spooler yana gudana da iko mafi girma a kwamfuta, shi ya sa masu kutse suke ƙaunarsa. Stuxnet, ƙwayar da aka gano a 2010 wadda ta yi ɓarna a tashar nukiliyar Natanz ta Iran, ɗaya daga hanyoyin yaɗuwarta rauni ne a spooler. A tsakiyar 2021 aka yi PrintNightmare, mai lamba CVE-2021-34527, wanda ya ba mai ƙaramin izini damar mallake sabar. Daga watan Agusta na shekarar Microsoft ta mayar da girka direba daga sabar aikin mai ikon gudanarwa kaɗai, kuma bayan sabuntawar Satumba ofisoshi da yawa a duniya suka wayi gari da kuskuren 0x0000011b. Maganin da ya bazu a lokacin shi ne a shiga rajista a mayar da wani saiti sifili. Bugawa takan dawo, amma abin da aka kashe kariya ce. Ina da yaƙinin akwai sabar da har yau suke a haka, an manta. In taku na ciki, ku sabunta sabar da kwamfutocin ma'aikata duka, ku mayar da kariyar. Sabar da ba ta bugawa kuwa, musamman mai riƙe da domen, a kashe mata spooler ɗungurungum. Wannan shawarar Microsoft ce, kuma tana kawar da jan layi da yawa a kyauta.

Ita ma Microsoft ta gaji. Tun Windows 8 da Server 2012 ta fito da direbobi nau'i na 4 don rage kayan kamfanoni a cikin spooler, sannan a Satumbar 2023 ta ba da sanarwar za ta janye a hankali daga rarraba direbobin wasu kamfanoni ta Windows Update, ta karkata ga IPP da firintoci masu shaidar Mopria. Saboda haka wannan magana ta shafi masu sayen kaya, ba mu kaɗai ba. Ranka ya daɗe, da ku shugabannin sassa da ke nan, ina roƙon kafin a sa hannu kan sayen firinta a tambayi mai kula da sabar. Ƙaramar firintar gida mai arha, wadda kwamfuta ce take yi mata duk aikin tsara shafi, ba ta dace da ofishin mutum hamsin ba. A nemi mai jin PCL ko PostScript, mai aiki da IPP.

Ku kuma abokan aiki, in kun koma ranar Litinin, ku buɗe Print Management ku ƙirga direbobin da ke kan sabarku, ku ƙirga firintocin da ke aiki a zahiri. Duk direban da ba shi da firinta, ku cire shi. Ku kunna kundin Operational kafin ku tashi.